Waiwaye: Tsakanin Turke da Gona

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Wagini, ko a wani ƙauye na ƙasar Ruma, in aka rufe masa ido aka kawo damin harawar gyaɗa kusa da hancinsa, zai faɗa maka lokacin da ake ciki. Ƙamshin nan na ganyen da ya bushe bai ƙone ba, wanda ya ɗan gauraya da ƙurar jigawa, shi ne ƙamshin kaka a wurinmu. Da mun ji shi mun san ruwa ya ɗauke, ɗari na bisa hanya, kuma an kusa fara aiken yara su hau itace.

Mu ɗan tuna wa juna yadda aikin yake tafiya. Ba a barin gyaɗa ta tsufa a ƙasa har ganyenta ya zube. Ana cire ta tana da sauran kore, a kife ta a gona ta sha iska, mata da yara su tsinke 'ya'yan, sa'an nan a tara jikin wuri ɗaya. Naɗin harawa kuwa aikin asuba ne. Baba yakan tashe mu tun raɓa ba ta bushe ba, don in rana ta ɗaga ganyen ya yi ƙaras, kana taɓa shi zai murmushe ya bar ka da tsurar kara. Wata rana na sungumi dami da gaggawa na jefa a bayan jaki, ganye ya yi ta zuba kamar ana sheƙar hatsi. Baba bai daka mini tsawa ba. Ya durƙusa ya tattara ganyen da tafin hannunsa, ya zuba a aljihun taguwarsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, ganyen nan shi ne harawar. Karan rakiya ya yo." Yau fiye da shekara hamsin ke nan, ban sake jefa dami ba.

Daga gona sai kan itace. Babba yana ƙasa yana miƙawa, yaro yana sama yana jerawa a tsakanin rassan gawo ko marke ko tsamiya, inda akuya ba ta kaiwa, gara ba ta hawa, danshin ƙasa kuma ba ya taɓawa. Wasu sukan ɗora a kan soro, wasu su kafa rumfa ta musamman a bayan gida. In ka taso daga wajen Batsari da rani ka hango gari, sai ka ga itatuwa duk sun sha rawani. Mai son sanin ƙarfin gida ba sai ya leƙa rumbu ba, ɗaga kai kawai zai yi. Harawar nan tana kwana a fili wata biyar, wata shida, ba ƙofa ba makulli, kuma mai ita ya same ta yadda ya bar ta.

Ana gobe jajiberin Babbar Sallar da ta wuce na ratsa ta wurin masu raguna a cikin birnin Katsina. Na ga ana sayar da harawa ƙulli-ƙulli, wanda bai fi ka riƙe da hannu ɗaya ba, ana ciniki a kansa kamar ana tayin zane. Na ɗauki ɗaya na jijjiga, rabinsa kara ne, sauran kuma ya yi baƙi-baƙi, alamar ruwa ya taɓa shi kafin ya bushe. Saurayin da ke sayarwa ya ce mini, "Baba, ita ma da ƙyar muka samo." Na yarda da shi. Na san inda ya kamata a ce ta fito, na kuma san abin da ya hana ta fitowa.

A cikin gida kuwa, abincin dabba daga turmi yake farawa. Ba a tuwo sai an yi surfe, ba a kuwa surfe a rasa dusa. Inna za ta yayyafa wa gero ruwa, su kama daka ita da abokiyar zamanta, taɓarya na amsa wa taɓarya, a kwashe a bakace, dusa ta koma gefe a kan faifai. A wanke tsabar, ruwan wankin nan fari-fari shi ne ƙasari, kuma ko ɗigonsa ba ya zuba a ƙasa. Akwai wata tsohuwar kwatarniya mai fasasshen baki a gindin turke, nan ake juye shi. Awakinmu sun san muryar turmi. Da sun ji sautin daka ya canja, alamar surfe ya yi, sai su miƙe su kama kuka suna jan igiya. Kaka tana da wata jar akuya irin ta Maraɗi, mai sheƙin gashi, wadda ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ni. "Maigida," in ji ta, "kai wa 'yar gidan nan ƙasarinta tun bai yi tsami ba." Daga 'ya'yan akuyar nan da jikokinta aka saya mini takalmin shiga firamare, daga cikinsu kuma aka yi wa yayata kwanonin jere. A lokacin mace ba ta san hanyar banki ba, turke shi ne asusunta, kuma ba ya buƙatar sa hannun kowa kafin ta cire.

Kowane aiki na gida yana da rabon da yake bar wa dabba. In an sussuka wake, ƙowa ta tumaki ce. In an matse man gyaɗa, tunkuzar da ba a soya ƙuliƙuli da ita ba takan shiga kwatarniya. Masu kaɗi in sun gurje auduga, angurya ta shanun huɗa ce, tana sa musu ƙarfi a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Ƙasarmu ƙasar rogo ce, to ɓawonsa ma ba ya zuwa juji, sai dai ba a ba da shi ɗanye. Ana shanya shi a rana ya bushe ƙayau, domin tsofaffi sun san ɗanyen yana bugar da dabba, wani lokaci har ya kai ta ƙasa. Karmamin dawa ana zage shi tun yana kore a ɗaure. Ga kanwa, ga kantun gishiri da fatake ke kawowa daga arewa, a ajiye a gindin turke dabba ta riƙa lasa.

Da damina doka ɗaya ce a gari: kowa ya ɗaure dabbarsa. Tun daga shuka har a gama roron wake, akuya ba ta yawo. Mu yara mu ne ƙafafunta. In mun taso daga makarantar allo da hantsi sai mu ɗauki lauje mu bi gefen gonaki muna yankan haki, kamar yadda mu Katsinawa muke kiran ciyawa. Mun san harkiya, mun san kyasuwa tun ba ta yi fure ba, mun san gadagi na doki ne, in ka samu ka kai gidan mai doki ba za ka dawo hannu wofi ba. Mun san yaɗiya ba ta ƙarewa ko da rani. Babu wanda ya zaunar da mu ya karanta mana sunayen nan, a bakin aiki muka tsince su. Gawo kuwa sarki ne. Shi kaɗai ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe. In 'ya'yansa sun fara faɗowa mukan yi sammako da buhu, mu da awaki muna tsere. Baba bai taɓa yarda a sa wa gawon gonarsa gatari ba, kuma duk shekara geron gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya.

Yanzu turmi ya yi shiru a gidaje da yawa. Inji ya ɗauke wa mata wahala, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da su ga taɓarya. Amma sau da yawa hatsi yakan tafi wurin inji da dusarsa ya dawo babu ita, sai kuma a je a sayo ta da tiya. Akuyar gari ta koma kiwon kanta a juji. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farka tumbi: leda ce dunƙule guda, wadda ta cika cikin dabba ta hana ta cin abin kirki, tana ramewa mai ita yana zargin sammore.

Bari in tsaya kaɗan a kan ragon layya, domin a nan ne duk ilimin yake haɗuwa. Wata uku ko huɗu kafin Sallah Baba zai sayo rago ramamme amma mai ƙashi, Balami ko Uda, ya duba haƙoransa, ya kawo shi gida. Kwanakin farko sai a jiƙa masa ɓawon maɗaci da jar kanwa, a wanke masa ciki daga tsutsa. Daga nan sai turke. Da safe harawa, da rana dusa da aka dama da ƙasari, da marece ƙowa da 'ya'yan gawo. Ba a cika masa kwano lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, don cikin dabba ba ya son a yi masa sauyi bagatatan. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci Baba zai tsaya ya dafa gadon bayansa, ya laluba gindin wutsiya, ya gyaɗa kai ko ya ce a ƙara dusa. Abin da nake so mu lura da shi shi ne wannan: duk abin da ya shiga bakin ragon nan, muna iya faɗin gonar da ya fito, da hannun da ya yanko shi. Ranar layya in aka kasa nama aka ce mu kai wa maƙwabta da mabukata, mun san abin da muke ɗauke da shi a kwano.

Abin da rago ya ci kuma bai tafi a banza ba. Kullum da safe ana share turke, a haɗa kashin dabbobi da ragowar karan da suka tattake da tokar murhu, a tara a bayan gida. In bazara ta kama, jakuna su fara safara da mangala, daga gida zuwa gona, daga gona zuwa gida, har gonakin bakin gari su cika da tsibi-tsibin taki. Baba ya san gonarsa kamar tafin hannunsa. Yakan nuna da sanda ya ce, "A juye nan, wurin nan ya gaji." Gona ta ciyar da turke, turke ya ciyar da gona, ba mai bin wani bashi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta fitar da littafi a kan rayuwar ƙauyen Hausa a 1972, a ciki ta yi dogon bayani a kan gonakin karkara da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, saboda takin da ake kai musu. Ita abin nazari ta gani. Mu kuwa aikin bazara ne kawai, har mukan yi ƙunƙuni in an tashe mu korar jaki.

Takin gida ba ya isar gonar jigawa mai nisa. Nan ne Fulani suke shigowa. Da an kwashe amfanin gona, wani dattijo da muke kira Baffa zai iso ƙofar gidanmu da sandarsa a kafaɗa, matarsa na biye da ƙwaryar nono. Su gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, a tambayi shanu, a tambayi iyali, a tambayi damina. Can sai ya ce, "Malam, bana ina za mu sauka?" Baba ya ce, "Ardo, ka fara da ta jigawa." Shanu su ci kara da ragowar harawa da rana, su kwana a gonar da dare, bayan 'yan kwanaki a ɗaga makwancin zuwa gaba, har a zagaye gonar. In za su tashi Baba ya ba shi dammunan gero. Akwai wata saniyarmu da ta yi shekaru a garkensa, amana, ba takarda ba shaida. In ta haihu shi ne zai tako ya kawo albishir. Ba na cewa ba a saɓawa. Shanu sukan yi ɓarna, a kai ƙara wurin mai gari, dattawa su je su ga ɓarnar da idonsu, a yanke abin da za a biya, a biya. Wani lokaci har sanda takan yi aiki. Amma manomi yana bukatar takin Bafulatani, Bafulatani yana bukatar karan manomi, kuma mutum biyu da ke ci a ƙwarya ɗaya ba sa bari ta fashe.

Da damina kuwa shanu dajin Rugu suke shiga, su bar mana gonaki. Akwai labi da aka sani, mai faɗi, wanda garke zai bi daga daji zuwa mashaya ba tare da ya taɓa shukar kowa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai, nan wajen Runka, yana cikin wuraren farko da aka gwada tsara kiwo a Arewa, aka yi madatsun ruwa don shanu. Ashe tun wancan lokaci an gane cewa in ba a tanadar wa saniya abinci da ruwa ba, za ta nemo su a gonar wani.

To, yaya aka yi igiyar ta tsinke? Ba rana ɗaya ba ce. Farin 1973 ya fara girgiza mu. Shekarar nan itatuwa ba su sha rawani ba. Na ga an yaye tsohuwar jinka ana ba shanu, na ga an sassare rassan da a da ba a taɓawa. Ba mu gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar nan da darɓa ke yaɗawa ta kuturta gyaɗa a duk faɗin Arewa. Ana yawan tuna cewa dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace a shekarun nan, amma ba a cika tuna cewa duk buhun gyaɗar da aka rasa, an rasa damin harawa da tunkuza tare da shi ba. Sai bushiya ta 1983 ta yi wa garkuna kaca-kaca, fari ya sake dawowa a 1984. Fulani da yawa da muka sani suka yi kudu, wasu ba su sake dawowa ba. Baffa yana cikinsu.

Ana cikin haka takin zamani ya iso. Daga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, buhu ya zama mai araha, gwamnati na biyan kaso mai yawa na kuɗinsa. Ba zan yi masa butulci ba, ya ciyar da mu, ya kuma sa masara ta samu gindin zama a inda da sai gero da dawa. Abin da mutum zai ɗauko a bayan keke ya yi aikin da jaki zai yi mako yana yi. Sai dai malaman gona na kirki tun a lokacin suna cewa a haɗa biyun, mu ne muka ji rabi muka bar rabi. Ƙasar jigawa rairayi ce, takin turke shi ke ba ta jiki ta riƙe ruwa. Na buhu baƙo ne, ya ci damina ɗaya ya tafi. Gonar da aka yi shekaru ana ba ta na buhu kaɗai, sai ka ga ta yi fari, ƙuduji ya yi mata jan fure ko'ina. Wata asarar kuma ba a gona take ba. Ranar da manomi ya daina bukatar shanu su kwana masa, ranar Bafulatani ya tashi daga aboki ya koma mai roƙon hanya. Aka fara kwashe kara kaf, ko a cinna masa wuta. Jama'a ta ƙaru, garma ta riƙa cin labi taku-taku, aka kewaye mashaya da lambuna. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya biyo baya ba sai na ba mutumin Wagini labarinsa ba, ko na Batsari, ko Ruma, ko Runka da Safana. Kowane gida yana da nasa, kuma akwai raunin da bai kamata a fama shi a shafin jarida ba. Babu wani ƙorafi na labi ko mashaya da zai halatta jinin da aka zubar. Abin da ya shafi zancenmu kawai zan faɗa. Satar shanu ta fara da garkunan Fulanin kansu, ta gangaro kan shanun huɗa, ta ƙare a kan mutane. Ajiye bijimai biyu a gida, wanda a da alamar rufin asiri ne, ya koma kiran masifa. Wanda ba a kore nasa ba ya sayar don tsoro, wani ya sayar ya biya kuɗin fansa. Gonakin da ke kusa da daji suka yi shekaru ba a taka su ba, inda aka samu aka noma kuma, wa zai tsaya naɗin harawa da asuba? An yi sulhu da ɓarayin a 2019 bai ɗore ba. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana da Jibiya, don a toshe wa ɓarayi hanyar sayar da na sata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda muka kai: ƙasar da turke ne asusunta, sai da aka rufe kasuwar dabba don a tsira da rai.

Ga inda muka tsinci kanmu. Babu dabba, babu taki. Na buhun da muka dogara da shi, tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, ya fi ƙarfin talaka. Mun saki na hannu, na gujen kuma ya tsere mana. Mai ɗan kiwo a cikin gari yana sayen abincin da bai san asalinsa ba, wani kuma don gaggawar riba sai ya bi rago da allurai da ƙwayoyi, ya kumbura kamar an hura shi, a yanka nama ya yi ta tsiyayar ruwa.

Abin da ya sa nake ganin zancen nan ya wuce kewar da, shi ne darasin da waɗansu ƙasashe suka biya da tsada kafin su koya. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil ta yi fumfuna. Daga nan duniya ta san gubar da ake kira afalatokzin, wadda in saniya ta ci takan fito har a nononta. A 1986 aka gano ciwon haukan shanu a Ingilan dai, sanadinsa kuwa an riƙa niƙa ragowar nama da ƙashi ana zuba wa shanu a abinci, dabbar da Allah ya halitta ta ci ciyawa. Sai da aka hallaka miliyoyin shanu, mutane ma suka kamu. Tarayyar Turai ta hana sa wa dabbobi maganin ƙwayoyin cuta don ƙiba kawai tun daga 2006. A dokarta ta 2018 kan noma da kiwon da ba ruwansu da sinadari, an hana mutum ya yi irin wannan kiwo ba shi da gonar da zai zuba takin, ko yarjejeniya da mai gona. An kuma ce shanu da tumaki da awaki, kashi 60 cikin 100 na abincinsu ya fito daga gonar mai su ko daga yankinsa, daga baya aka ɗaga zuwa 70. Kaji da aladu, ga masu kiwonsu, kashi 30. Nama da madarar da aka samar a haka sun fi sauran tsada a kantunansu. Ku duba da kyau. Kiwo tare da gona, abinci daga gida, yarjejeniya tsakanin mai dabba da mai ƙasa: wannan ai Baba ne da Baffa a ƙofar gida, sai dai su can sai da jami'i ya zo ya duba ya buga hatimi.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya ce tsoho yana son a koma jiya. Jiyan ma tana da yunwarta. Na ga bazarar da saniya ke kwantawa sai an taru an ɗaga ta da wutsiya. Karan dawa busasshe yana cika ciki ne kawai, ba ya gina jiki, kuma rabinsa tattake shi ake yi. A nan ilimin zamani yake da abin ba mu, in muka karɓe shi a kan namu. Injin yanka kara ƙanana-ƙanana, in unguwa ta haɗa kuɗi ta saya, yana sa dabba ta cinye abin da da take zubarwa, balle in an gauraya da harawa da ɗan dusa. Masu binciken wake na cibiyar IITA da ke Kano sun daɗe da gane dalilin da ya sa manomi ya ƙi rabuwa da Kanannado duk da jinkirinsa: harawarsa yake so. Shi ya sa suka koma fitar da irin da ke ba da ƙwaya da ganye tare. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin gyaɗa masu jure cutar da ta karya mu a 1975, irin su SAMNUT 24 mai nuna da wuri. A Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, inda aka yi shekaru ana auna abin da rago ke bukata. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta musamman. Roƙona gare ta da gwamnatin jiharmu ɗaya ne: a fara da tsaro, a bi da fitar da labi da mashaya a gaban manoma da makiyaya baki ɗaya, domin duk irin da za a raba, sai an iya zuwa gona zai yi amfani.

Da kakar bara na je gida gaisuwa. Ban daɗe ba, kuma ban yi nisa da gari ba. Amma da safe, a gefen hanya, na ga wani gawo ɗauke da dammuna, ba su fi goma ba. Wani yaro yana sama, mahaifinsa yana ƙasa yana miƙa masa. Na tsaya na yi musu barka da aiki, uban ya ce, "Baba, 'yan awakin tsohuwa ne, guda uku suka rage." Na tambayi yaron sunan ciyawar da ke gindin itacen, ya ce harkiya, bai ko yi jinkiri ba. Na daɗe rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar.

Ku da kuke birni, 'yan'uwana 'yan ƙasar Ruma, in Allah ya hore muku abin taimako, ku tuna da matan da aka raba da mazajensu da dabbobinsu. Tunkiya ɗaya ko akuya, tare da buhun dusar da za ta kai ta damina, ta fi kuɗin da za a kashe a mako. In za ku sayi ragon layya, ku tambayi mai shi abin da ya ci, ku kuma yarda ku biya wanda ya yi turka ta gaskiya haƙƙin wahalarsa. Ku kuma da kuke gida, Allah ya tsare ku, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Kada ku sa wa kara wuta bana, kada ku sare gawo, kada ku sayar da harawa kaf tun a gona don an zo da mota. In an cire gyaɗa, ku tashi yaran da asuba, tun raɓa ba ta bushe ba, ku tafi da su naɗi.